Hayaƙin da Ya Tsare Mana Iri

Bazarar bana ta zo da rainin hankali. Kullum bayan la'asar hadari zai haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya a kan dutsen nan da Dogon Dutsi ta ci sunansa. Mu kwashe shanya a guje, mu kife turmi, sai ya watse ya bar mu da gumi da jin haushi. Irin wannan zafi mai nauyi, wanda ko ganyen bedi ba ya motsi, ba ya zuwa mini shi kaɗai. Yakan taho da wata bazara da ta wuce shekara arba'in da wani abu. Bana kuwa abin ya fi, domin wadda muka yi waccan bazarar tare tana nan a ɗakin da ke jikin nawa, tana tari.

Innata ce. Bara bayan kaka ni da ƙanena Sani muka ɗauko ta daga ƙauyenmu can wajen Geceme, da lallashi da 'yar ƙarya, muka ce sati guda za ta yi ta ga likita ta koma. Numfashi ne ya gagare ta. Daga ɗakinta zuwa banɗaki sai ta dafa bango sau biyu. Salla a zaune. Matar da na sani da tulu a ka da wani a hannu, yanzu ɗaura ɗankwali ma sai ta huta.

Da zafi ya fara shigowa na mayar da ita wajen lokotoro, wato likita. Ya ɗaga hoton ƙirjinta ya haska a taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Madam, shekara nawa tsohuwa ta yi tana shan taba?"

Ai kuwa raina ya ɓaci. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, shekara talatin ina tsawata wa 'ya'yan mutane, muryar ba ta da wuyar fitowa. Na ce masa uwata ko goro sai an matsa mata, ya iya bakinsa. Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya ce in yi haƙuri, to da me take girki? Na ce da abin da kowa ke yi a ƙauye, kara da itace da kashin shanu. Ya gyaɗa kai ya ce shi ke nan, tabar ke nan. Abin da ya ƙone a ƙirjin ya riga ya ƙone, in ji shi, amma wanda ya rage ana iya tattalinsa. Ya rubuta maganin fesawa a baki, ya ce a raba ta da hayaƙi ko na turare ne, kuma in da hali a sa mata injin tace iska a ɗaki.

Sani ɗan kasuwa ne, yau Yamai gobe Sakkwato, ga gemu ga wando iya ƙwauri, maganarsa rabi Hausa rabi Faransanci. Kafin sati guda ya cika mini waya da hotunan injinan tace iska. Akwai wani ƙarami mai fesa ruwa da ƙamshi, shi matarsa ta so. Na ce ba ɗakin amarya nake gyarawa ba. Akwai wani ƙato mai tsayin yaro, amma yana son kuran, wato lantarki, wanda ba ya yankewa, mu kuwa a bazara wutarmu ta fi zama a tafiye. Akwai na tsaka-tsaki. Aka ce in auna ɗakin, na aro mitar lakwal na auna, Inna tana kallona tana tambaya ko sayar da gidan za a yi. Daga nan Sani ya haɗa ni da mai shagon a waya, wani mutum mai magana a hankali.

"Hajiya, kafin ki zaɓa ki gaya mini, mene ne ke cikin iskar ɗakin? Don kowane da abin da yake kamawa."

Na ce hayaƙi ne. Ya ce na maƙwabta ko na girki? Kunya ta kama ni. Hayaƙin ba daga waje yake shigowa ba. Inna da kanta take tayar da shi, safe da yamma, a cikin wani ɗan kasko, ƙarƙashin ɗan damin gero da ta rataye a ƙusa jikin bango. Ta yaya zan yi wa mutumin birni bayanin wannan a waya? Sai da na ce masa zan sake kira.

Shekarar da nake magana, ina da sha ɗaya ko sha biyu. Ruwa ya ɗauke mana daidai lokacin da hatsi ya fara fid da kai. Muka yi ta kallon sama har wuya ya gaji. Da kaka ta zo, abin da muka ɗaure bai kai cikin rumbu rabi ba, kuma yawancin zangarniyar fayau take, ka murza ka hure ka ga ba kome a tafin hannu. Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin gawo ya kwance dammunan ɗaya bayan ɗaya. Wuni guda ya yi yana zaɓe. Duk zangarniyar da ya ga doguwa ce, ƙwayarta a cike, sai ya danna ta da babban yatsa, ya ajiye gefe. Ya samu abin da ya ɗaure ƙananan dammuna biyu. Irin shekara mai zuwa ke nan.

A shekarar wadata iri cikin rumbu yake kwana, a tsakiyar sauran hatsi. Amma rumbun da za a share kafin tsakiyar rani ba wurin ajiya ba ne. Hannun mai yunwa yana kaiwa, ƙwari ma in ba su sami kome ba kan ɗan abin da ya rage suke taruwa. Ranar da Baba zai tafi ci-rani da sauran maza, ta wajen Kamba suka nufa a ƙasa, ya kawo dammunan ya ajiye gaban Inna.

"Ga shi nan," ya ce. "In na dawo na ishe shi, to. In ban ishe shi ba..."

Bai ƙarasa ba. Ya saɓa buhunsa ya fita.

Madafarmu ɗan zagayayyen ɗaki ne na laka da jinka, ba taga, ƙofar sai ka sunkuya. Inna ta hau turmi ta ɗaure dammunan da igiyar kaba a can sama, daidai kan murhu. Dabarar tsofaffi ce: hayaƙi in yana ratsa zangarniya kullum, kunkunniya ta lulluɓe ta, ƙwari ba sa kusanta. Sai dai abin yana da sharaɗi. Hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba, don zafi in ya yi yawa yana kashe iri, tartsatsi guda kuma ya isa ya cinye jinka da abin da ke cikinta. Saboda haka ba a hurawa a fita. Dole mutum ya saki asabari a ƙofa don kada hayaƙin ya tsere, ya zauna a ciki da moɗar ruwa da ɗanyen ganyen sabara, wuta na ɗaga kai yana danne ta. Safe da yamma. Ko akwai abin dafawa ko babu.

Ranakunmu duk iri ɗaya suka zama. Da sassafe rijiya, wadda ta yi ƙasa har sai da mata suka haɗa igiya biyu, a ja guga ya fito rabinsa laka. In mun dawo Inna ta shiga madafa ta saki asabari. Ni kuma in ɗauki kwando in bi sauran 'yan mata daji neman kandilo, wato busasshen kashin shanu, don kara ya ƙare tun da wuri, itace kuwa sai an yi nisa. Akwai wata Bafulatana ƙawar Inna, wadda a da take kawo nono ta karɓi dussa. Ranar da za su yi kudu da 'yan shanun da suka rage musu ta biyo ta gidanmu, ta ce ba ta da abin sallama, amma ta bar mana ruga, mu je mu kwashe kafin wasu su riga mu. Sati uku ina jigilar kandilo daga rugar nan. Allah ya saka mata, ban sake ganinta ba.

Abinci ya riƙa janyewa a hankali. Da farko tuwo kullum da yamma, da safe ɗumame. Sai ya koma sau ɗaya. Sai tuwon ya zama kunu, kunun ya zama ruwan dussa. Da rumbu ya ƙare muka koma wa anza, 'ya'yan wani ɗan itace na daji masu ɗacin tsiya. Kwana da kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan ana sake wani, duk da haka in ka ci sai ɗacin ya kwana a maƙoshi. Muka ci ganyen jiga, muka yi kopto, wato kwaɗon ganye, ba ƙuli ba gishirin kirki. Sani lokacin shekararsa uku. Gashinsa ya yi ja, cikinsa ya fito, kukansa ma ya koma wani ɗan siririn abu da ba ya kai ƙofar gida. Kuma duk wannan, gero yana nan a rataye a kanmu, dami biyu, kowa ya sani.

Wata rana Inna ta tafi gaisuwar rasuwa. Na shiga madafa, na jawo turmi, na hau. Na karyo kan zangarniya guda kamar tsayin yatsa, na tura a baki har da kunkunniyar. Da farko ɗaci da ƙaurin hayaƙi, har hawaye ya zo mini. Da na ci gaba da tauna sai garɗin geron ya fito, wani zaƙi mai sanyi. Wallahi har yau ban ci abin da ya kai shi ba, kuma na ci abinci a gidajen manya. Na sauko na share turmin na yi zamana kamar ba ni ba. Ban san bakina ya yi baƙi har haɓa ba.

Inna ta shigo ta dube ni. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, sai dai "ke". Ta kamo haɓata ta goge mini baki da gefen zaninta.

"Ke, da daɗi?"

Na gyaɗa kai na ce awo.

"To ki riƙe daɗin nan. Shi muke tsaro."

Ba ta taɓa ni ba. Ta mirgina turmin ta fitar da shi waje. Daga ranar kuma ta kafa mini doka: kandilo in ajiye shi bakin ƙofa, ƙafata kada ta sake shiga madafa in an tada hayaƙi. Na so a ce dukana ta yi. Na ɗauka ta daina yarda da ni ne, kuma abin ya zauna mini a rai.

Da bazara ta kama, Baffa Illo, wan Baba, ya zo. Dattijo ne mai faɗa a ji, shi aka bar wa gidajenmu. Ya ga Sani a kwance a tabarma, ya yi salati, ya ce da Inna ta sauko da dami guda ta daka wa yara, in ya so in ruwa ya zo a san yadda za a yi. Inna ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye.

"Baffansu, wanda ya ba ni ajiya bai dawo ba."

"Ni na ce ki sauko da shi! Ko sai kin bizne ɗiya kina kallon hatsi?"

"Allah shi huci zuciyarka. Lokacin hayaƙi ya yi."

Ta tashi ta shige madafa ta saki asabari. Baffa ya bi ta ciki da faɗa. Ina tsaye a waje ina jin muryarsa, sai na ji ta sarƙe, sai tari, sai ga shi ya fito a sunkuye yana share ido da hannun riga. Ya tsaya ya gyara hularsa, ya ce wannan mata ba ta da kunne, ya tafi. Yanzu ina ba da labarin ina dariya. A ranar kuwa na tsani Inna, don ni ina bayan Baffa. Da yamma ta tafi da 'yan kunnenta na aure wani gida, ta dawo da garin rogo a ƙullin zani, ta jiƙa wa Sani.

Zafin bazarar nan ba ya faɗuwa. Rairayi yana ƙona ƙafa tun hantsi, kaji su buɗe baki su kwanta gindin randa. A cikin wannan Inna take shiga ɗakin da ba taga ta rufe kanta da wuta. In ta fito zaninta sharkaf, idanunta jajir, ta dafa bango ta yi ta tari, ta tofar da abu baƙi ta tura masa ƙasa da ƙafa. Ta sha ruwa, ta ɗauki tulu. A lokacin ne na fara jin wannan tarin, kuma tun daga nan bai bar ta ba, sai dai ya yi sauƙi ya dawo.

Ruwan farko da azahar ya sauko. Iska ta fara kaɗawa mai sanyi, sai ƙamshin ƙasa, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Muka fita tsakar gida muka tsaya a ciki, har Sani aka fito da shi. Washegari gari duka ya fita da sungumi, tsofaffi da mata da 'yan mazan da suka rage, kowa ya kwance abin da ya ɓoye. Inna ta sauko da dami guda. Guda tak. Ta murje shi da hannu a faifai don kada ƙwaya ta yi tsalle, muka tafi gona, tana sara ina jefa iri ina rufewa da diddige. Rabin gona muka shuka. Mata suna wucewa suna cewa, "Ke kuwa mi kike jira da sauran? Ruwa ya zo!" Ta ce ƙasar ba ta jiƙu har ƙasa ba, ta tona da hannu ta ga busasshe a ƙarƙashi.

Shuka ta fito kore shar, layi-layi, abin sha'awa. Sai sama ta rufe bakinta. Kwana kusan ashirin ko ɗigo babu. Muna kallo ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, iska ta zo ta rufe shi da rairayi. Gari ya yi tsit. Gidaje da yawa ba su da ko ƙwaya guda ta sake shuka. Inna kuwa safe da yamma tana cikin madafa da damin da ya rage.

Cikin kwanakin nan Baba ya dawo, ya rame har na kusa rashin gane shi, da rabin buhun garin rogo a ka. Ya bi ta gona kafin ya iso, ya ga abin da ya faru. Ko ruwa bai sha ba ya ɗaga asabari ya shiga. Na leƙa ta gefe. Ya ɗaga kai ya ga damin nan baƙi ƙirin a rataye, sai ya zauna daɓas a ƙasa cikin hayaƙin, ya rufe fuska da hannu. Inna ta ce masa ya fita ya ba ta wuri.

Da ruwan gaske ya sauko muka shuka. Baba ya auna wa Baffa Illo a ƙoƙo, ya auna wa wasu gidaje uku, kowa ɗan kaɗan, aka riƙa jefa ƙwaya uku-uku maimakon a cika hannu. Noman shekarar da yunwa aka yi shi, mutum ya tura hauya ya tsaya jiri ya wuce. Amma tafasa ta fito, lalo ya fito, ciki ya sami abin riƙewa. Ranar da muka gasa tumun farko a bakin gona, Sani ya ci har ya yi barci da zangarniya a hannu.

Tun daga shekarar Inna ba ta sake yarda kaka ta wuce ba ta zaɓi iri ta rataye a hayaƙi ba. An yi shekarun da rumbu ya cika har aka gina na biyu. An zo ana sayar da iri a leda da jan magani a jiki. Baba ya rasu, gonar ta koma hannun 'ya'yan Baffa, su kuma kasuwa suke saye. Duk bai dame ta ba, ita dai tana da 'yar kadadarta a bayan gida da ɗan daminta. Da muka ɗauko ta, ashe yana cikin kayanta, naɗe a tsohon zani, tare da kaskon.

Washegarin maganar lokotoro na dawo gida daga lakwal, na shiga ɗakin na tarar da shi turnuƙe, tana zaune a ciki tana haki. Na ɗauki kaskon na yi jifa da shi tsakar gida. Na yi mata faɗa irin na aji, na ce wannan jahilci ne, kashe kanta take yi a kan geron da bai kai tiya ba. Ta juya fuska bango. Kwana biyu ruwa kawai take karɓa, shi ma daga hannun 'yata, jikarta. A rana ta uku na sayo sabon kasko na kai mata da kaina. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Wannan duka na taƙaita wa mai shagon da na sake kiransa. Ya saurara har na gama.

"Hajiya, gaskiya zan gaya miki. Ko wanne kika saya, in wutar tana cikin ɗakin, ba zai iya ba. Wata guda matacin zai toshe. Ki fara fitar da wutar, sannan ki zo mu yi ciniki."

Sani ya ce mutumin nan bai iya kasuwa ba. Na ce shi ya sa wurinsa zan saya.

Da safe bayan ta sha kunu na shiga na zauna a ƙasa kusa da gadonta. Wannan karon na bar muryar lakwal a waje. Na ce Inna, ki ba ni irin nan in riƙa yi masa hayaƙi a bayan ɗaki.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Mai girki da gaz?"

Na ce ai ni na yi jigilar kandilo wata shida. Na iya. Ke ce dai kika hana ni shiga madafa tun ranar da na yi miki sata.

"Sata? Wace sata?"

Na tuna mata da turmi da baƙin baki. Ta yi dariya har tari ya kama ta, na riƙa shafa mata baya. Wai ita ta manta sam.

"Ke dai akwai riƙo. Ɗan abin da kinka ci? Ba don shi na hana ki ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Rannan na ga kin isa shiga. Kin kai ki ce za ki taya ni zama. Ni kuwa na san abin da hayaƙin nan ke yi, uwata da wanga tari ta tahi. Na ce in za shi ci, shi ci mutum guda."

Shekara arba'in ina ɗauke da cewa ta mayar da ni ɓarauniya. Ni da karatuna na tsaya a kanta na kira ta jahila, ashe ta riga lokotoro sani tun ina yarinya. Tausayinta ya kama ni, da haushin kaina, na sunkuyar da kai ina wasa da gefen tabarma.

Ta ba ni, amma da sharuɗɗa. Safe da yamma, ba fashi ko ranar biki. A inda za ta riƙa hangowa ta taga. Ba a rufaffen wuri ba, kuma in tsaya ta inda iska ke fitowa. In ruwan gaske ya sauka in kai shi ƙauye da kaina a shuka a kadadarta, da kaka kuma ita za ta zaɓi sabo, don ni ban san zangarniyar kirki ba. Na ce na ji. Na hau kujera na sauko da damin, ya bar baƙin tabo a bangon da na yi wa fenti bara.

Na tsaka-tsakin nan muka ɗauka. Yana da matatai biyu, fari mai kama ƙura da baƙi mai gawayi a ciki wanda ke kama hayaƙi da wari, kuma ana samun canjinsu a Yamai ba sai an yi aike wata ƙasa ba. Ba ya cin wuta da yawa, in kuran ya tafi batirin fano, wato sola, yana riƙe shi tare da fanka. Ƙararsa ba ta fi ta mage mai barci ba. Sani ya ce, "Dakor, Yaya, amma mai ƙamshin nan fa?" Na ce ya saya wa matarsa. Motar kasuwa ta kawo shi cikin kwali. Inna ta sa aka buɗe mata cikinsa, ta shafa matacin da yatsa, ta ce ashe rariya ce. Washegari na shiga na tarar ta lulluɓe shi ruf da kyakkyawan mayafinta, wai kada ya yi datti, abu mai tsada. Sai da na yi kwana uku ina cirewa tana mayarwa kafin muka shirya a kan ta ɗora masa ɗan ƙyalle a gefe inda ba ya shan iska.

Na sa aka kafa mini 'yar rumfar zana a bayan ɗakin, na rataye damin, na ajiye kasko a ƙasa. Ranar kasuwa nakan je wajen masu shanu in cika buhu da kandilo. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, an ce wata ta tambaya ko Madam ta fara bori ne. Ban kula su ba.

Ba zan ce Inna ta warke ba, lokotoro ya riga ya gaya mana. Tana fesa maganinta, tana zaune a ɗakinta da rariyarta. Yau sati uku ke nan.

Jiya da safe na makara, ina sauri in tafi lakwal. Na zuba kandilon ba ganye, na hura, na juya ina amsa waya. Wuta ta kama bal. Sai na ji murya a bayana.

"Ke! Haka anka koya miki? Gasa shi za ki yi mu ci tumu ko mi? Na ce miki hayaƙi, hayaƙi, kin tsaya kina surutu da ƙarhe a kunne, ga ganyen sabara nan na sa an kawo tun jiya ko kallo nai ba ki yi ba, mace da jikoki ba ta iya danne wuta ba, in kin kashe min iri wallahi ni da ke ne, kuma wa ya ce ki tsaya ta nan, koma can bayan iska!"

Na juya. Ba ta taga take magana ba. Ta fito da ƙafarta, ta zagayo har kusurwar ɗaki, tana tsaye ba ta dafa kome ba, hannu guda a ƙugu. Kuma duk wannan faɗan ta yi shi daga farko har ƙarshe ba ta tsaya tari ba. Na fi shekara ban ji ta ƙarasa faɗa ba. Daɗi ya cika ni, na tsaya da waya a hannu ina kuka kamar yarinya.

"Mi kike ma kuka? Yayyaha ruwa!"

Na ɗauki moɗa na yayyafa.